Sun Tayar da Yayana Don Su Canza Zanin Gado

An tayar da yayana daga gadon asibiti, allurar ƙarin ruwa na cikin hannunsa, don kawai a canza zanin gado kafin manyan baƙi su shigo zagaye. Ya miƙe, jiri ya ɗebe shi, ƙeyarsa ta daki kusurwar durowar ƙarfe da ke gefen gadon. Jini ya zuba a cikin kansa. Yau ɓarin jikinsa na dama a mace yake, maganarsa kuwa sai ka kai kunnenka kusa da bakinsa. Asibitin ya ce shi ya tashi da kansa, babu wanda ya sa shi, saboda haka babu mai laifi.

Ni ƙanwarsa ce, autar gidanmu. Zan faɗi ko wane ne mutumin nan, domin wanda bai san shi ba ne kaɗai zai haɗiye wannan maganar.

Babanmu ɗan sanda ne irin na da, wanda ko gyaran murya ya yi a ƙofar gida sai kowa ya gyara zama. A kan Yaya ya sauke duk horonsa, da yake shi ne babba. Idan babba ya shigo, a miƙe. Idan an kira ka, ka amsa kafin a rufe baki. Ba a tambayar dalili. Mu sauran, tarbiyyar ta shiga ta wannan kunnen ta fita ta wancan, ni kam tun ina ƙarama bakina ya fi ƙarfin bulala. Yaya shi ya shanye ta duka. Mamarmu takan ce ko zakara ne ya shigo da taƙama, ɗanta sai ya tashi ya ba shi wuri.

Da Baba ya rasu, Yaya ya bar makaranta ya kama aikin masinja a wani ofishi, kuma a nan ya ƙarar da ƙuruciyarsa da rabin tsufansa. Wurinsa wani benci ne a bakin ƙofar manaja, tsakanin bokitin yashi na kashe gobara da tagar da ba ta buɗuwa. Ya kai fayil sama, ya sauko da fayil ƙasa, ya kawo shayi, ya goge tebur, ya tare masu son shiga ba izini da haƙuri har su ji kunya su koma. A ofishin sunansa ya ɓace, kowa Na'am yake ce masa. Manajoji sun zo sun wuce. Waɗansu ya haife su, waɗansu ya san su tun suna zuwa neman aiki da takalmi mai ƙura, amma duk wanda ya hau kujerar nan, Yaya zai miƙe masa. Har a gida bai tsira ba. Manaja zai kira shi a waya ranar hutu yana tsakiyar cin abinci, sai ya ajiye cokali ya tashi tsaye, hannu ɗaya a bayansa, sannan ya amsa. Matarsa, wadda nake kira Anti, takan ce masa ai mutumin ba ya ganinsa. Sai ya ce murya tana tona asirin wanda ke zaune.

Kada a ɗauka wawa ne. Yana ganin komai. Idan ya dawo gida ya cire rigar aiki ya rataye, sai ya tara mu da yaransa ya riƙa kwaikwayon tafiyar manajoji ɗaya bayan ɗaya: mai tura ciki gaba, mai jan ƙafa, da wanda ke shinshina shayi kafin ya sha kamar ana neman ransa. Mu yi ta dariya har cikinmu ya ƙulle. Ya san wane ne ɓarawo a cikinsu, ya san wane ne rago. Gari na wayewa kuma zai goge takalminsa ya je ya miƙe musu. Na sha yi masa faɗa a kan haka, shi kuwa ya ce, "Auta, ke bakinki ne jarinki. Ni ladabina ne." Da wannan ladabin ya riƙe mu. Shi ya tsaya na gama sakandare, shi ke goge mini kayan makaranta da hannunsa don ya ce ni ƙona su nake yi. Duk wata takarda da nake iya karantawa yau, da duk wani ofishi da nake iya shiga in yi magana ba tare da muryata ta yi rawa ba, daga bencin nan suka fito.

Bai daɗe da yin ritaya ba aka gano yana da ciwon dajin jini, irin mai tafiya a hankali. Aka ɗora shi a kan magani, ciwon ya lafa, amma garkuwar jikinsa ta yi rauni. Sai wani busasshen tari ya kama shi. Numfashi ya riƙa gagararsa, daga ɗaki zuwa banɗaki sai ya tsaya ya dafa bango. Aka kwantar da shi. Likitarsa, wata doguwar mace mai magana kai tsaye, ta ce ciwon huhu ne irin wanda ke samun masu raunin garkuwa. Maganin da aka fara ba shi bai karɓe shi ba, jikinsa ya feso da ƙuraje, leɓɓansa suka saɓule. Sai ta canza masa zuwa wani da ake kira fentamidin.

Ina tsaye ranar da ta yi bayaninsa. Anti na tsaye. Babbar nas ta ɗakin, wadda suke kira Sista, ita ma tana tsaye da hannuwanta a harɗe. Likita ta ce maganin nan ta ƙarin ruwa ake ba da shi, a hankali, kuma dole mutum ya kasance a kwance, domin yana iya sa ƙarfin bugun jini ya faɗi farat ɗaya, yana kuma iya sauke sukarin jiki. Kada ya tashi yana cikin sha, kada ya tashi da an cire sai an auna shi. Ko fitsari ne a kawo masa fo. Ta ƙara da cewa da shi ma ake maganin ciwon barci. Yaya ya janye abin iskar da ke hancinsa ya ce, "Likita, ni da ban taɓa gyangyaɗi a bakin aiki ba, yau ni za a ba maganin masu barci?" Duk muka yi dariya. Har Sista ta yi. Ina so a riƙe wannan: ta ji, ta yi dariya, tana wurin.

Ba a taɓa samun majinyaci mai bin doka irinsa ba. Da an ɗaura ruwan zai miƙe ɗoɗar kamar katako, ko ƙuda ya sauka a hancinsa sai dai Anti ta kore masa. Maganin kuma ya yi aiki. Tarin ya ragu, aka cire masa iska, ya fara tsokanar Anti cewa ta fi shi cin abincin da ake kawo masa. Har ya sa ta zo masa da man takalmi, wai ba zai fita asibiti da takalmi a dushe ba. Sista ta mai da shi abin misali. Duk wanda ya yi mata gardama sai ta nuna shi ta ce a dubi Baba, kamar yadda take kiransa, ko sau ɗaya bai taɓa ce mata a'a ba. Ta sa aka mai da shi gadon farko, na bakin ƙofa, don shi ne mai tsabta, shi ido zai fara sauka a kansa. Mu a lokacin har daɗi muka ji.

Ɗakin nan yana da wata ɗabi'a idan manya za su zo zagaye, wato masu kula da asibitin da baƙinsu. Sai a kori masu jinya gaba ɗaya, da tabarminsu da fulas da bokitai, su je ƙarƙashin matakala su tsugunna. A fito da sabbin zannuwa daga sito a shimfiɗa, baƙi na fita a kwashe a mayar. Ranar da abin ya faru, da hantsi, an ɗaura wa Yaya ruwan ke nan aka zo korar mutane. Anti ta ce a bar ta, maganin yanzu ya fara shiga. Aka ce mata ai ma'aikata na nan, ko ta fi su sanin aikinsu ne? Ta kalli Yaya. Ya ce ta je, kada ta jawo magana. Ta ɗauki tabarmarta ta fita.

Abin da ya biyo baya daga bakin mai gadon kusa da shi na ji, wani direban babbar mota mai faɗin ƙirji da muryar da ba ta san raɗa ba. Ya ce shi aka fara zuwa wa a ce ya tashi a gyara gadonsa. Ya ce musu in gado suka zo gani, su jira ya mutu su gan shi babu kowa. Suka ƙyale shi, suka lulluɓa masa sabon bargo a kan tsohon zanin. Sai suka juyo kan Yaya. Akwai ɗan tabon shayi a zaninsa. Wata nas ta ce za ta iya canzawa yana kwance, ta mirgina shi gefe kamar yadda ake yi wa marasa ƙarfi. Sista ta ce babu lokaci, motoci sun riga sun shigo. Ta tsaya a kansa ta ce, "Baba, ɗan tashi mana, manya sun iso."

Direban ya ce Yaya ya kalli robar ruwan da ke rataye, ya kalli hannunsa, ya fara cewa, "Likita ta ce..."

"Ni na ce," in ji ta.

Ya ce, "To, ranki ya daɗe."

Ya sauko da ƙafafunsa, ya kama sandar ƙarin ruwan, ya miƙe. Har ya gyara wuyan rigarsa. Suna fizge zanin ya tafi da baya.

Wannan kaɗai ya isa. Amma ga abin da ya hana ni yafewa, kuma ba zan yafe ba. Da ya faɗi, ba gadon turawa aka fara nema ba. Labule aka ja. Aka kewaye gadon da shi, aka ɗaga shi aka ɗora a kan sabon zanin, aka sa tsumma aka goge ƙasa. Baƙin suka shigo suna gyaɗa kai, suna yaba tsabta. Direban ya buɗe baki zai yi magana tari ya sarƙe shi. Ɗaya daga cikin baƙin ya nuna labulen, aka ce masa wani dattijo ne ake gyarawa. Sai da suka gama zagayensu suka fita, sannan aka kira likita, sannan aka tura shi ɗakin hoto. Anti tana ƙarƙashin matakala tana ba wata mata labarin sun kusa komawa gida, sai ga mijinta an wuce da shi ta gabanta, baki a karkace.

Na tayar da ƙura. Ban bar ofishin da ban shiga ba, har masu gadi suka san takuna. Da suka ga ba zan gaji ba, aka ce an kafa kwamiti. Na ba su lambar direban, wanda a lokacin an riga an sallame shi, kuma ya ce ko daga ina yake zai ajiye mota ya zo. Ba su kira shi ba. Likitar ta gaya musu abin da ta umarta, amma ba ta cikin ɗakin sa'ad da abin ya faru. Nas ɗin da ta so ta mirgina shi, duk inda muka haɗu sai ta sunkuyar da kai ta canza hanya. Sai kwamitin ya ce ai mai abin yana da rai, kuma bakinsa ya fara buɗewa, a je a tambaye shi.

Suka zo, shugaban asibitin a gaba da kwat da ƙamshin turare, mutanensa a baya, Sista a ƙarshe. Yaya na ganinsu ya fara kokawa da jikinsa. Hannun hagu ya kama ƙarfen gado yana ja, ɓarin dama ya ƙi biyo shi, gumi ya keto masa. So yake ya tashi. Sai da na danne kafaɗarsa. Shugaban ya sunkuya, da murya mai laushi ya tambaye shi ko akwai wanda ya tilasta masa sauka daga gado ranar nan.

Yaya ya kalle shi, ya kalli Sista. Ya daɗe yana tattaro kalmomin.

"A'a, ranka ya daɗe. Ni na tashi."

Shi ke nan. Shugaban ya miƙe ya kalle ni kamar ya ba ni kyauta. Na ce su tambaye shi wa ya ce ya tashi, ba wa ya tilasta masa ba. Aka ce kada a wahalar da marar lafiya. Suka yi masa fatan sauƙi suka fita, shi kuma yana ta ƙoƙarin ɗaga musu hannu.

Sun san wanda suka tambaya. Abin da ke ci na ke nan. Sista ta san ba za ta iya da direba ba, ta tsallake shi ta zo kan wanda ba ya cewa a'a. Shugaban ya ga dattijo na neman karya sauran jikinsa don ya girmama shi, ya gane irin mutumin da ke gabansa, sannan ya zaɓi tambayar da zai yi. Da ladabinsa suka kayar da shi, da ladabinsa suka wanke hannunsu.

Yanzu yana gida, a ɗakin da ya fi kusa da banɗaki. Huhun ya warke sarai, maganin ya yi abin da aka ce zai yi. Anti ke juya shi, ita ke wanke shi, bayanta ya fara rankwafawa. Na kama ta tana wa kanta faɗa a kicin, wai da ta ƙi fita. Babbar 'yarsa ta daina shiga ɗakin sai dole. Ta ce mini ba za ta iya kallonsa ba, tunda an gaya masa ya kwanta ya ƙi ji, ya jawo wa uwarsu wannan wahala. Ƙannenta ma haka suka ɗauka, don haka asibiti ya faɗa, haka kuma ubansu ya faɗa da bakinsa. Mutumin da bai taɓa tsallake umarnin kowa ba, 'ya'yansa na masa kallon mai taurin kai.

Wata rana ina yi masa aski, daga ni sai shi, na ce ya gaya mini tsakaninsa da Allah, ya so tashi ranar nan? Sai ya ce tun yana kwance yake jin ɗakin na juyawa. Ya san in ya tashi zai faɗi. Na ce to don me? Ya ce Sista ta riga ta ce, ga mutane na jira, ya ga babu kyau. Na ce ya maimaita haka a gaban yaransa. Ya girgiza kai. Ya ce in bar maganar, mace ce mai iyali, kada a raba ta da abincinta ta dalilinsa. Na ajiye rezar. Ban san wanda na fi jin haushi ba a lokacin, ita, ko shi, ko Babanmu da ke kabari.

Na tare Sista sau ɗaya a bakin ƙofar asibitin tana saye da farin kayanta, tana cin gyaɗa. Ta gane ni. Ta tambayi jikin Baba, ta ce ƙaddara ce, kuma ai shi da kansa ya faɗi gaskiya. Na ce mata Allah ya isa tsakaninmu da ita, a gaban masu gadi da masu sayar da lemo, na faɗa da ƙarfi yadda kowa zai juyo. Na ce ina roƙon Allah ya nuna mini ranar da za ta kwanta a gadon da ba ta iya sauka, ta ga yadda ake ja wa mutum labule. An ce mini wannan ba maganar mai hankali ba ce. Ban janye ba. Har yau tana ɗakin nan, har yau ana korar masu jinya idan manya za su zo, kuma na tabbata ta riga ta sami wani mai ladabin ta sa shi a gadon bakin ƙofa.

Yaya ya ce ya yafe. Nasa ne, ya yi yadda ya so da shi. Ni ban yafe nawa ba, ban yafe na Anti ba, ban yafe na yaran nan ba.

Saboda haka, shugaban asibiti, da kai da kwamitinka, ku saurara. Kada ku sake tambayar yayana komai, kun san amsar da zai ba ku. Ku kira direban. Ku kira nas ɗin da ta ce a mirgina shi, ku tambaye ta ba a gaban Sista ba. Ku tuɓe wa Sistar farin kayan, ba canjin ɗaki nake nufi ba, kora nake nufi, a kuma faɗi dalili a gaban ma'aikatanku duka. Wanda ya ja labule da wanda ya ce dattijo ake gyarawa su bi ta. Ku daina raba mai jinya da wanda aka ɗaura wa maganin nan, ko wane ne zai zo. Sannan ku tako ku zo gidan nan, ku tara 'ya'yansa, ku gaya musu da bakinku cewa ubansu bai ƙi jin magana ba, ku kuka ce ya tashi. Jikinsa na ƙara raguwa. Ku zo tun yana iya ji.